Katin da Na Ɓoye a Jaka

Litinin, da yamma

Na dawo daga awo. Likita ta ɗora na'urarta, muka ji bugun zuciyar, da sauri-sauri kamar na yaron da ya makara. Ta ce komai lafiya, wata na huɗu ya kusa cika. Na ce to. Ta ɗago ta dube ni, ina jin ta saba ganin mata suna washe baki a daidai wannan wurin.

Ba ta san ni ba, don tun da muka dawo wannan unguwar ban taɓa zuwa asibitinsu ba. Ta tambaya ko na fari ne, na ce na uku. Ta ce yaran fa? Na ce babu. Sai ta ajiye biro.

"Malama, ki ba ni labarin yadda suka faru. A wata na nawa, da ciwo ko babu ciwo, me ya fara zuwa."

Na ce na manta. Ta ce, "Duka biyun?" Na ce duka biyun. Ta ce in na tuna in dawo ko ba ranar awo ba ce, don abin da zan faɗa zai iya canza yadda za ta kula da ni.

Ban manta ba. Amma ban ga dalilin da zan buɗe wannan a gaban matar da yau na fara ganinta ba, ga mutane a layi suna jira.

Maigida na waje cikin motar aikinsa, firjin wani a baya an ɗaure da igiya. Ya ce yaya, na ce lafiya, ya ce madalla, ya tada mota.

Talata, bayan an tashi makaranta

Na fara darasin jadawalin sinadarai da sabon ajina. Kamar kowace shekara, kafin su shigo na kifa babban jadawalin da ke rataye, fuskarsa na kallon bango. Shugabar makaranta ta gaji da yi min magana. Ta ce an sayo abu don a gani, ni na mayar da shi kamar yaron da aka hukunta. Ni kuwa ba na yarda ɗalibi ya ga jadawalin nan kafin ya gina shi da hannunsa. In ka nuna musu tun farko haddacewa za su yi, su amayar a jarrabawa, su fita ba su san me ya sa wancan ke ƙarƙashin wancan ba.

Yau ko sunan sinadari ɗaya ban kira ba. Na zana zobe, zobe, akwati, zobe, zobe, na ce me ke biye? Suka haɗa baki, akwati. Na rubuta kwanakin mako a jere har na zarce, na ce ina za a yanke layin don kowace Laraba ta faɗo ƙarƙashin 'yar'uwarta? Suka yanke. Sai na rubuta biyu, huɗu, na ja layi. Rabin aji suka ce shida, wasu suka ce takwas, aka fara nuna wa juna yatsa.

Akwai wata yarinya a layin gaba, 'yan ajin suna kiranta Lauya, kuma ba su zalunce ta ba. Ta miƙe ba tare da na kira ta ba.

"Malama, wannan ai ba adalci ba ne. Abu biyu ba su isa a ce tsari ba. Ki ƙaro na uku mu gani."

Na ce ta yi gaskiya, ta zauna. Na juya ina goge allo, na daɗe ina gogewa bayan ya riga ya yi fes.

Laraba, da safe

Biyu ba su isa tsari ba. Da wannan na samu na sauko daga gado.

Alhamis, bayan la'asar

Mun yanka katuna a teburin cin abinci. Kwalayen sabulu da na biskit na tara, Maigida ya kawo wuƙarsa ta aiki, shi yana yanka ni ina rubutu. Kowane kati sinadari ɗaya ne, amma ba na sa suna. Nauyinsa kawai, da kamanninsa, da abin da yake yi in ya haɗu da ruwa, da hannu nawa yake miƙawa ya kama wani.

Ya ɗauki ɗaya yana karantawa da ƙarfi. "Ƙarfe mai laushi, wuƙa na yanka shi, in ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle yana huci. Malama, ai wannan ke ce, me ya sa ba ki sa sunanki ba?" Na jefe shi da murfin biro.

Da muka gama na zare kati guda daga kowane ƙunshi, iri ɗaya, na zura su a aljihun jakata na ciki. Ya ce wannan cuta ce, 'ya'yan mutane. Na ce mutumin da ya fara tsara jadawalin ma ba duka ya samu ba, a zamaninsa ba a gano wasu ba, sai ya bar musu wuri ya ce za su zo. Ya ce wannan mutum yana da ƙarfin hali.

Mama ta kira. Ta ce, "Auta, kin yi wuyar gani." Na ce aiki. Ban gaya mata ba. Wancan karon ta yi saurin sayen kayan jariri, kuma ita ce ta zo ta kwashe su daga ƙaramin ɗaki kafin a sallamo ni. Yanzu ɗakin cike yake da kwamfuresar firji da tukwanen gas da ƙofofin firji, ko wurin sa ƙafa babu. Ban taɓa ce masa ya fitar da su ba.

Asabar, da rana

Wanki. Ya ce in bari zai yi, na ce ni ba mara lafiya ba ce. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ya ɗauki bokitin ya yi shanyar, ya shanya rigunana a karkace, na bar su haka.

Litinin, da yamma

Na raba katunan, rukuni-rukuni. Na ce su tsara su yadda hankali zai ɗauka, na koma na zauna. Rukuni ɗaya suka kira ni cikin alfahari, ashe sun ware na kwalin sabulu gefe, na kwalin biskit gefe. Na ce Allah ya shirya, su juya katunan su karanta gaban.

Daga baya kowa ya gane a bi nauyi, daga mara nauyi zuwa mai nauyi. Layi ya yi tsawo har ya haɗa tebur biyu. Na bar su suna kallonsa. Can sai na ji wani daga baya ya ce, "Kai, ga mai tsallen nan a ruwa ya sake dawowa!" Suka duba, lallai ya dawo, kuma can gaba ya sake dawowa. Wata iska da katinta ya ce ba ta kula kowa ita ma ta dawo. Na ce to, kun tuna Laraba? Aka fara yanke layi. Wannan lokacin nake jira duk shekara, yau kuwa daga kan kujera na kalle shi.

Akwai nauyi a marata tun safe. Ba ciwo ba ne. Tsayuwa ce ta yi yawa.

Talata, da safe

Wata na biyar ya shiga.

Laraba, bayan an tashi makaranta

Sun iso wurin da na zare katin. Layi na biyu ya gaza da guda ɗaya, kuma duk rukunan abu ɗaya suka yi: suka matso da katunan suka toshe wurin, layi ya yi kyau a ido. Amma komai ya goce. Mai hannu uku ya zauna ƙarƙashin mai hannu biyu, kowane kati ya shiga gidan maƙwabcinsa, har iskar da ba ta kula kowa ta faɗo ƙarƙashin wadda ke cin duk abin da ta taɓa.

Na ce wa ya ce ku matsa? Wani dogon yaro ya ce, "Malama, in mun bar wuri ai za ki ce mun ɓatar da kati."

Ban san me ya hau kaina ba. Na buga tebur. Na ce su dai burinsu layi ya yi kyau, ko da ƙarya ne, sun gwammace su lalata gida gaba ɗaya da a ga rami a tsakiya. Na yi ta faɗa. Yara suka yi ta kallon juna, don laifin bai kai haka ba kuma sun sani. Na ce kowa ya mayar da katunansa cikin leda, gobe a sake.

Na shiga banɗakin malamai na duba. Babu komai. Kafin in bar makaranta na sake shiga.

Bayana ma ya fara riƙewa.

Alhamis, lokacin tara

Ina rubutu a ɗakin gwaje-gwaje, yara sun fita.

Rukunin Lauya sun bar wurin a buɗe. Tsakanin mai nauyin ashirin da uku da mai ashirin da bakwai, katako ne kawai na tebur. Na tsaya a kansu na ce ina katin? Ta ce, "Babu shi, Malama. Ko ya faɗi, ko kin ɓoye. Ni dai na fi zargin na biyun." Aka yi dariya. Na ce to in babu shi, ki gaya min waye shi.

Ta sa yatsa a katin da ke saman ramin, ta sa wani a na ƙasansa. Ta ce na sama ƙarfe ne mai hannu biyu, na ƙasa ma ƙarfe ne mai hannu biyu, don haka na tsakiya ƙarfe ne mai hannu biyu. Na sama ba ya kula ruwa, na ƙasa yana tafasa shi, to shi zai ɗan taɓa a hankali. Nauyinsa ya wuce ashirin da uku, bai kai ashirin da bakwai ba.

Na so in tsokane ta. Na ce, "Ke ce fa kika ce biyu ba su isa tsari ba. Ga shi da kati biyu kike yanke hukunci."

Ta ce, "A'a, Malama, ranar nan lambobi ne tsirara, ba su gaya mana komai. Waɗannan an rubuta halinsu. In aka ajiye su kusa da juna aka karanta, ai ana ganin inda suka yi kama."

Na buɗe jaka na ciro katin. Ƙarfe, hannu biyu, nauyi ashirin da huɗu. Ajin ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Na gaya musu sunansa maganiziyam, na kama zirin ƙarfen da awartaki na kunna masa wuta, na ce kada kowa ya kalli hasken kai tsaye, duk suka kalla. Na ce gobe za mu juya jadawalin bango su ga abin da suka gina.

Saura darasi biyu kafin a tashi. Nauyin yana nan.

Juma'a, da rana, a asibiti

An ce in kwanta ƙafafuna sama da kaina, don haka rubutun zai karkace.

Jiya bayan magariba na kashe talabijin yana tsakiyar kallo. Na ce, "Maigida, ina so mu yi maganar waɗancan biyun." Tunda abin ya faru ba mu taɓa yi ba. Ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali.

Na faɗi na farko, na faɗi na biyu. Na farko ina guga ne, na biyu ina hawa matattakalar tsohon gidanmu. Duka a tsakiyar wata na biyar. Duka babu naƙuda, babu ciwon da zai sa mutum ya yi ihu, ruwa ne ya fara zuwa. Duka biyun suna motsi har muka isa asibiti. Wannan na ƙarshen ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da na faɗa sai na ga shi ma ya sani.

Sai ya ce, "Akwai abin da kika tsallake. Duka biyun, kwanaki kafin nan, kin yi ta cewa kamar an ɗora miki dutse a mara, kuma bayanki ya riƙe. Na farko har man zafi na shafa miki."

Wallahi wannan kam na manta shi da gaske. Na ce masa tun Litinin nake jin haka.

Ya miƙe ya ɗauki makulli. Na ce mu bari sai da safe. Ya ce, "Malama, sa takalminki." Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, na sa takalmin.

Likitar ta tashi aiki, aka kira ta, ta dawo. Na ba ta labarin tun daga guga har matattakala, inda na tsaya shi ya ci gaba. Ba ta katse mu ba. Da muka gama ta ce, "Abin da nake nema ke nan tun ranar nan." Aka yi hoto. Ta ce bakin mahaifar ne ba ya jure nauyi, in yaro ya fara girma sai ya riƙa buɗewa shiru, ba tare da naƙuda ba. Ta ce ya riga ya fara, amma da saura. Za ta ɗinke shi gobe Asabar da safe. Ta ce, "Ba na miki alkawari. Amma gara yau da mako mai zuwa."

Tsoro nake ji, kuma haushi nake ji. A waɗancan biyun duk wanda ya shigo haƙuri ya ba ni. Na sha haƙuri har ya ishe ni. Babu wanda ya ce in ba da labari, wadda ta ce kuwa na ce mata na manta.

Asabar, da yamma

An yi. Ta ce ya kama. Zuciyar na bugawa.

Laraba, da hantsi, a gida

Kwanciya. Daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa gado. Na san duk tabon da ke silin ɗin ɗakin nan. Maigida ya rage fita, yana gyaran firjin mutane a tsakar gida, kowane ɗan lokaci ya leƙo da baƙin mai a hannu ya ce ko ina son ruwa. Na ce in ya ƙara kawo min ruwa zan nitse.

Shugabar makaranta ta zo jiya da lemo. Ba ta tambayi komai ba, na gode mata da hakan. Ta ce ita da kanta ta shiga ajin ta juya jadawalin, ta ce ta daɗe tana jiran wannan dama. Yara suka taso suka kewaye shi suna neman katunansu a ciki. Wai Lauya ta gano biyu a can ƙarshe da mai nauyi ya riga mara nauyi, ta tsare Shugaba da tambaya, tana son sanin wa ya yi kuskure, ita ko bangon. Shugaba ta ce, "Na ce ta jira ki. Ni tarihi na karanta, ba zan mutu a kan abin da ban sani ba."

Na yi dariya, sai na tuna ɗinkin na daina.

Litinin, da safe

Wannan makon ne. Duka biyun a irinsa ne.

Talata

Babu komai.

Laraba

Babu komai. Ya ƙona shinkafa.

Alhamis, da yamma

Ɗigon jini da safe. Ban yi kuka ba, shi ne ya kasa sa makulli a mota sai da ya gwada ya sake gwadawa. Likita ta duba ta ce ɗinkin na nan daram, irin wannan yana faruwa. Ta sa na'urar, muka ji. Na ce ta bar shi ya ɗan ƙara, ta bari.

A hanyar dawowa na ce ya kira Mama.

Asabar, bayan azahar

Ta zo da ƙaramar jaka, ta kayanta kawai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni a kwance, ta dubi cikin, ta ce, "Auta, ni kika ɓoye wa?" Na ce ki yi haƙuri, Mama. Ta ce in rufe mata baki. Ta zauna a ƙarshen gado ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana matsawa.

Ban san yadda aka yi ba na tambaye ta. Na biyun ita ce ta karɓe shi daga hannun ma'aikaciyar jinya, ni na juya fuskata bango na ce kada a nuna min. Na ce, "Mama, yaya yake?"

Hannunta ya tsaya. Ta ce namiji ne. Ta ce bai fi tafin hannunta da kaɗan ba, amma komai ya fito, har farce. Ta ce goshin babana ne da shi sak, mai faɗin nan. Ta ce tun ranar take jira in tambaya.

Mun yi kuka sosai, ita tana cewa in yi a hankali saboda ɗinkin, tana yi ita ma.

Laraba, da safe

Makon ya wuce. Na kasa yarda. Mama tana ta faɗa da Maigida a kan yadda yake yanka albasa.

Lahadi, da la'asar

Wata na shida.

Ɗazu ina kwance na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Ba shuri ba ne, shuri na sani. Wani ɗan zillo ne a wuri ɗaya, ya yi, ya tsaya, ya sake yi, a daidai tazara ɗaya. Na ƙwala wa Mama kira, ta shigo da ludayi a hannu, Maigida na bayanta har ya ɗauko makulli.

Ta ɗora tafinta a wurin, tana saurare. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Shaƙuwa ce. Shaƙuwa yake yi, ja'iri. Ke ma haka kika dame ni."

Maigida ya durƙusa a gefen gado, ya goge hannunsa a wando, ya sa inda ta nuna masa. Muka jira. Ya yi. Ya sake yi. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "To daga wannan sai me, Malama? Me ke biye?"

Na ce, "Ban sani ba. Ban taɓa zuwa nan ba."